Sienna, Odyssey, Sharon ko Caravan: wacce giyar otomatik ce za ta jure zafinmu da lodinmu?

Duk wanda iyalinsa suka kai bakwai ko takwas, ko yake neman motar da za ta riƙa yin Kano zuwa Abuja tana kawo masa balas, a gaban motoci huɗu ko biyar zai tsaya: Toyota Sienna, Honda Odyssey, Volkswagen Sharan da muke kira Sharon, Dodge Caravan ko 'yar'uwarta Chrysler Town & Country, wani lokaci da Nissan Quest. A filin dillalai kowa kujeru yake ƙirgawa, ya danna ƙofa mai buɗe kanta, ya ɗaga bonet ya saurari inji. Giya kuwa sai a ja ta zuwa D, mota ta motsa, a ce lafiya lau. Alhali a irin waɗannan motoci da wuya inji ya riga giya mutuwa, kuma ranar da ta tafi, kuɗin da za ta lashe sai ya sa ka manta rangwamen da dillali ya yi maka.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko zafi. Man giyar otomatik ba shafa wa ƙarfe santsi kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin tukunyar nan da ke tsakanin inji da giya, wadda makanikai ke kira kwanbata. Shi ke matse faiba, wato farantan kuloci da ke cikin giya, a duk canji. Shi kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. To ka ɗauki motar da nauyinta ya kusa tan biyu ba kowa a ciki, ka zuba mata mutum takwas da buhun shinkafa da jarkar manja, ka sa ta a cunkoson Mararaba ko a hanyar Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Giyar da aka ƙera da ɗan rauni a nan asirinta ke tonuwa.

Na biyu, man da take sha, da ko ana samun na gaskiyarsa a garinku. Na uku, wa zai gyara ta, kuma in ta ƙi gyaruwa, akwai ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, ko kuwa sai an aika Ladipo an jira? Na huɗu farashi, na saye da na ranar da za ka sayar. Na biyar, wanda mutane suka fi sakaci da shi, shekarar ƙira. Suna ɗaya yana iya ɗauke da giya mai ƙarko a wata shekara da mai ciwo a wata. Kada ka yarda da fuskar mota, domin ana canza fitilu da bamba a mayar da tsohuwa yarinya. Ka dubi lambar shasi mai harufa 17 da ke ƙasan gilashin gaba: a motocin Amurka harafi na goma shi ne shekara, 4 na nufin 2004, 7 na nufin 2007, A kuma 2010, B 2011.

Toyota Sienna

Ta 1998 zuwa 2003 giya huɗu gare ta, mai sauƙin hali, amma tsufa ya kama yawancinsu. Wadda ta cika tashoshinmu ita ce ta 2004 zuwa 2010, mai giya biyar da ake kira U151E. Daga 2004 zuwa 2006 injinta 3.3 ne mai tayimin bel, daga 2007 aka koma 3.5 mai sarƙa, giyar dai ita ce. Wannan giya tana da haƙuri ƙwarai. Tana yawan yin ɗan jinkiri in ka rage gudu sannan ka taka totur nan take, wanda halinta ne tun tana sabuwa, ba alamar mutuwa ba. Tana da gejin mai, don haka kai da kanka za ka iya zarowa ka ga launi, ka sunsuna.

Inda ake kashe ta shi ne wajen mai. Na farkon zubin nan T-IV suke sha, na baya kuma WS, kuma ba a musanya su. Na taɓa ɗanɗana wannan da tawa ta 2006. Na kai ta wani gareji a canza baƙin mai, yaron wurin ya ce, "Alhaji, man giyar ma ya yi duhu, a juye?" Na ce a juye, na tafi masallaci. Kwana uku bayan nan, da na kai gudun 60 zuwa 70 sai in ji motar tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Da na koma na ce a nuna mini galan ɗin, sai ga wani jan mai da ake zuba wa kowace mota. Maigidan wurin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk ja ne." Wani dattijon mai gyaran giya ne ya ceto ta: ya ɗiga man a farar takarda, ya kai hanci, ya ce faiba ba ta ƙone ba tukuna. Sau uku muka zubar muka zuba T-IV, da ɗan yawo tsakanin kowane zubi, kafin kakkarwar ta bari. Kuɗin man ya yi mini ciwo, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin giya ba.

Ta 2011 zuwa 2016 giya shida gare ta, U660E a mai injin 3.5, ita ma mai ƙarko ce, kuma ta fi sauƙin shan fetur a doguwar hanya. Sai dai ba ta da geji. Ana auna manta ne ta wani noti a ƙasa, mota tana kunne, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, man yana da ɗumin digiri 40 zuwa 45. Makaniken da zai yi wannan da ƙiyasin ido zai bar ta da ƙarancin mai ko ya cika ta fiye da kima, duka biyun kuwa illa ne. Ta 2017 zuwa 2020 mai giya takwas ce, kuma na shekarun farko sun sha ƙorafi a Amurka kan kuka da fizga wajen canji. Daga 2021 duk Sienna haɗakar fetur da batir ce, wannan wani babi ne daban.

A kula da mai jan ƙafa huɗu, wadda aka rubuta wa AWD a baya. Ba ta zuwa da safayar taya, tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, kuma giyarta ba ta shiga ta mai jan gaba. In ba a hanyar yashi ko laka kake zaune ba, ƙarin wahala ce kawai.

Aibin Sienna ɗaya ne: tsada. Kowa ya san ta, don haka ba a sakinta da araha. Amma ranar sayarwa kuɗinka na dawowa, kuma kusan kowane gari mai tasha akwai wanda ya taɓa buɗe cikin giyarta.

Honda Odyssey

In daɗin tuƙi ake magana, Odyssey ta fi Sienna. Sitiyarinta ya fi kama hanya, injinta 3.5 yana da kuzari, kuma a shekara ɗaya za ka same ta ƙasa da kuɗin Sienna. Wannan arahar tana da tarihi.

Na 1999 zuwa 2001, masu giya huɗu, sun yi ta mutuwa tun a Amurka har kamfanin ya tsawaita garantin giyarsu zuwa shekara bakwai ko mil 100,000. Na 2002 zuwa 2004, masu giya biyar, an yi musu kiranye a 2004 saboda mai ba ya isa ga giya ta biyu yadda ya kamata, tana yin zafi, har aka ƙara musu wani ɗan bututu mai fesa mata mai. Motar da ta yi haka a ƙasar da ake dusar ƙanƙara, me kake zato a Maiduguri? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma giyar Beljiyam da za a kawo maka daga irin wannan zubin ta fito, da ciwonta a jikinta.

Na 2005 da 2006 sun fi dama. Daga 2007 aka sa mata giya mafi ƙarfi, kuma daga nan ne nake iya ba mutum shawarar Odyssey ba tare da na ji nauyi ba. Na 2011 zuwa 2013 akwai masu biyar akwai masu shida, daga 2014 duk shida ne. Ciwon da aka san su da shi kakkarwar kwanbata ce a matsakaicin gudu idan mai ya tsufa, kuma sau da yawa sabon mai yana kashe ta in an yi da wuri. Na 2018 da 2019 wasu giya tara ta kamfanin ZF gare su, wasu goma, daga 2020 duk goma.

Giyar Honda ta 1999 zuwa 2017 ƙirarta daban take da ta sauran. Cikinta ya fi kama da na manuwal, ba ta da kwanon ƙasa da za a kwance a wanke, kuma babbar matatarta tana can ciki, ba a kai mata sai an raba giyar biyu. Ma'ana, tsabtar mai ita ce kaɗai garkuwarta. DW-1 take sha, wanda ya maye gurbin tsohon Z1. Sauƙinta shi ne juye man bai fi canza baƙin mai wuya ba: noti ɗaya, lita uku da 'yan kai. Mai Odyssey da ke yin haka a kai a kai yana daɗewa da ita. Wanda ke jira sai fitilar D ta fara ƙiftawa a dashbod kuwa ya makara.

Sharon, Galaxy da Alhambra

Mota ɗaya ce da suna uku: Volkswagen Sharan, Ford Galaxy da SEAT Alhambra. A 1995 aka fara ƙera su a Palmela ta ƙasar Fotugal, Ford ta raba hanya da su a 2006, tsohon zubin Sharan kuma ya ci gaba har 2010. Sunan da Sharon ta yi a tashoshin Arewa, na ɗaukar lodi da jure duka, da giyar manuwal ta yi shi. Kuloci ya ƙare a canza, a ci gaba da tafiya.

Ta otomatik wata aba ce daban. Na kafin 2000 giya huɗu gare su, bayan nan da yawa suka zo da giya biyar ta kamfanin Jatco na Japan. An san wannan da lalacewar solonoyid, wato bawul ɗin lantarki mai sarrafa tafiyar mai a cikin giya, da tsagewar fistin ɗin ribas. Ba ta da geji, ba ta da yawa a kasuwa, masu gyaranta kuma 'yan kaɗan ne. Sabon zubin 2010 zuwa sama yana da DSG, wato kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa. Tana canji kamar ƙiftawar ido, amma tana son sabon mai da matata duk kilomita 60,000, kuma in ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba aikin gindin bishiya ba ne. Wanda zuciyarsa ke kan Sharon ya sayi manuwal ya huta.

Dodge Caravan da Town & Country

Su ne mafi araha a filin, kuma kujerunsu na ninkewa su shige cikin daɓen mota, abin da ɗan kasuwa mai ɗaukar kaya zai so. Giyarsu ta yi baƙin suna tun zubin 1989, kuma wani ɓangare na laifin na masu zuba mata man Dexron ne, wanda ba nata ba. Yawancin tsofaffin giya huɗu gare su, daga 2008 aka fara sa mai shida, 62TE, wadda daga 2011 ta zama ta kowa tare da injin 3.6 har aka daina ƙera Grand Caravan a 2020. ATF+4 kaɗai take sha. Matsakaiciya ce wajen ƙarko: solonoyid da kwanbata ne ke fara gajiya. A Amurka wannan ba komai ba ne, domin kayanta ko'ina akwai. A nan kuwa, in ba Legas ko Abuja kake ba, ƙaramin gyara sai ya zaunar da kai sati biyu, ga kuma wahalar samun mai saye in ka gaji da ita.

Nissan Quest

Ta 2011 zuwa 2017 tana da faɗi da daɗin zama, amma giyarta CVT ce: ɗamarar ƙarfe tsakanin faifai biyu, babu hawa-hawar giya. Ba ta son zafi, ba ta son lodi, manta NS-2 ne ko NS-3 gwargwadon shekara, kuma in ta lalace galibi sai dai a sauke a ɗora wata. Ga haya, ban ga dalili ba.

| Mota | Giya | Mai | Ƙarko | Gyara a Arewa | Farashi |
|---|---|---|---|---|---|
| Sienna 2004–2010 | 5 | T-IV ko WS | Sosai | Mai sauƙi | Sama |
| Sienna 2011–2016 | 6 | WS | Sosai | Sai mai kayan awo | Sama ƙwarai |
| Odyssey 1999–2004 | 4 ko 5 | DW-1 | Rauni | Akwai, amma ciwon na dawowa | Ƙasa |
| Odyssey 2007–2017 | 5 ko 6 | DW-1 | Da kyau in ana juye mai | Matsakaici | Tsaka-tsaki |
| Sharon otomatik | 4, 5 ko DSG | Na ƙirarta | Matsakaici zuwa rauni | Da wuya | Tsaka-tsaki |
| Caravan 2008–2020 | 4 ko 6 | ATF+4 | Matsakaici | Da wuya | Ƙasa |
| Quest 2011–2017 | CVT | NS-2 ko NS-3 | Rauni a zafi da lodi | Sai dai canji | Tsaka-tsaki |

Kafin ka biya, da bayan ka biya

Ka je wurin motar da sassafe, kafin dillali ya ɗumama ta. Taka birki, ka sa R, ka ƙirga. Ka sa D, ka ƙirga. In ta wuce daƙiƙa biyu kafin ta kama, ko ta kama da bugu, akwai magana. Sannan ka tuƙa ta rabin awa cur, domin wata giyar lafiyarta ƙalau da sanyi, sai ta yi zafi take fara zamewa, ka ji inji na ihu mota ba ta ƙara gudu. Ka riƙe totur kaɗan-kaɗan tsakanin 40 da 80 ka ji ko za ta yi kakkarwa. Bayan kun dawo a sa mata kwamfuta, ba kafin fita ba, saboda ana goge lambobin laifi. P0740 ko P0741 na nuna kwanbata. Man da ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ce ta ƙone. Wanda ya koma kamar kunun gyaɗa mai ruwan hoda, ruwan lagireto ne ya shiga, ka bar motar ko nawa aka rage. Kada kuma sabon mai ja wur a tsohuwar mota ya burge ka: ka tambayi dalilin da ya sa aka canza shi ana gobe sayarwa.

Maganar "man giyar nan na har abada ne" ba da mu ake ba. Toyota da kanta ta ce a canza a mil 60,000 in motar na aikin wahala, tamu kuwa kullum a wahala take. Ni duk kilomita 40,000 nake juyewa, mai haya ya rage. Abin da ke fita a zubi ɗaya bai kai rabin man ba, saura yana cikin kwanbata, shi ya sa yin sa a kai a kai ya fi jira a yi gaba ɗaya. Giyar da ta shekara da shekaru ba a taɓa ba kuma, kada a sa mata injin wanki mai tura mai da ƙarfi, a bi ta a hankali. Jabun mai ya cika kasuwa cikin galan mai kyan gani, don haka ka sayo da hannunka a inda ka amince, ka tsaya a buɗe a gabanka.

Lagireto abokin rayuwar giya ne, tunda ta cikinsa manta ke bi ya huce. Mai zuba ruwan rijiya maimakon ruwan lagireto na gaskiya yana cinye bututun nan da tsatsa. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ma ba taimako ba ce, domin kwamfutar mota ba ta barin kwanbata ta kulle sai inji ya yi ɗumin da ya dace. Abin da ke taimako shi ne ƙara ƙaramin lagireton man giya a gaba, aiki mai araha da ya kamata duk mai haya ya yi. In mota ta mutu a hanya kada a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, famfon man ba ya aiki in inji a kashe yake; a nemi janwe. A gangara irin ta Hawan Kibo a sauko da giya ƙasa, ba a sake ta a furi don tsimin fetur ba. Kuma a bari ta tsaya cik kafin a juya daga D zuwa R.

In ta kai ga sayen giyar Beljiyam, cinikin biri a sama ne sai an ɗaura an gani. Ka sa a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, a dubi lambar jikinta ta dace da taka, a wanke bututu da lagireton man kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga ya kashe sabuwar.

Wa ya dace da wacce

Mai sa mota haya a doguwar hanya, direba daban mai mota daban: Sienna 2007 zuwa 2010 mai jan gaba, da ƙarin lagireton giya. Tana yafe ganganci fiye da sauran, kuma ko a Potiskum ta tsaya za a sami mai duba ta. In kuɗin bai kai ba, ta 2004 zuwa 2006, a canza tayimin bel tun ranar farko, ko kuma Sharon manuwal.

Magidanci mai kai yara makaranta da zuwa gida ƙarshen wata, wanda shi ke tuƙa abarsa kuma ba ya wasa da lokacin sabis: Odyssey 2007 zuwa sama za ta ba shi mota mafi sabunta a kuɗin tsohuwar Sienna. In kuwa ya san halinsa, sai mota ta yi ƙara yake tunawa da gareji, ya ƙara kuɗi ya ɗauki Sienna.

Mai hali da ke son ta daɗe a hannunsa shekara goma: Sienna 2011 zuwa 2016, da sharaɗin ya sami garejin da ke auna zafin mai da kwamfuta. Ɗan kasuwa a Abuja ko Legas mai buƙatar fili fiye da komai, kuma ya san inda ake sayar da ATF+4 na gaskiya, Caravan 2011 zuwa sama za ta yi masa aiki, muddin bai sa ran ribar sayarwa ba. Wanda kuma aka kawo wa Odyssey 2002 mai sheƙi a rabin kuɗi, ya fara zuwa Ƙofar Ruwa ya tambayi kuɗin giyarta, ya haɗa da na motar, sannan ya koma wurin dillali.